Kurakuran da aka fi yi da burauza

Na gaji da jin "burauzata ta lalace". Burauza dai ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome. Galibi idan na duba sai in tarar lafiyarta ƙalau, mai ita ne ya yi mata aika-aika.

Bari in fara da wanda ya taɓa cina. Wata rana wani shafi ya ƙi buɗewa, aka ce in goge tarihi. Na danna Ctrl+Shift+Delete, na zaɓi a goge tun daga farko, na yi wa kowane akwati alama ba tare da na karanta ba. Ashe har da kalmomin sirri. Na shekaru! Ban rubuta su ko'ina ba, ban kuma haɗa burauzar da wani asusu ba. Kwana uku ina fama da "na manta kalmar sirri", akwai asusun da har yau ban dawo da shi ba, domin lambar wayar da na buɗe shi da ita ta daɗe da barin hannuna. Abin haushin, shafin nan Ctrl+F5 kawai yake buƙata, wato a sake ɗauko shi sabo daga intanet. Yanzu da wannan nake farawa. In ya ƙi, sai in goge kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza, na wannan shafin kaɗai. Don Allah ku riƙa karantawa kafin ku danna, hannu ba ya ruɓewa a yanke shi gaba ɗaya saboda yatsa guda.

Na biyu, ƙin rufe burauza. Chrome na sauke sabuntawa da kansa, amma ba ta kama aiki sai an rufe shi an sake buɗewa. Mutum ya yi wata guda yana kife murfin kwamfuta kawai, alamar sabuntawa da ke sama ta dama ta tashi daga kore ta koma ja, shi ko a jikinsa. Wai tsoron rasa shafukansa arba'in yake yi. Haba! Ctrl+Shift+T na dawo da su. Kuma wannan mutumin, da ya ƙi sabuntawa ta gaskiya, shi ne zai ga wani shafi ya ɗago masa da jan rubutu cewa burauzarsa ta tsufa, ya yi wuf ya sauke fayil. Wannan tarko ne. Sabuntawa daga cikin saitin burauzar ake yinta. Mai Windows 7 kuwa ya daina wahalar da kansa, Chrome 109 ne na ƙarshe da zai samu tun 2023.

Nauyi fa? Kafin ka zagi kwamfuta, danna Shift+Esc a Chrome ka ga shafin da ke cinye ƙwaƙwalwar. Ni nakan kuma buɗe tagar sirri, inda ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza ba sa aiki sai an ba su izini. In gudu ya dawo, cikinsu ɓarawon yake. Uku nake bari, ba ƙari.

In shafi ya ƙi aiki a Chrome, ka koma Edge ko Opera, ba ka yi nisa ba, duk injin Chromium ne. Firefox za ka gwada.

Shafin da ya ce ka sauke Flash, wato tsohuwar manhajar kunna bidiyo da wasanni a intanet, rufe shi. An binne Flash tun ƙarshen 2020.