Yadda ake killace guba a ƙarƙashin ƙasa da katangar yumɓu

Duk wanda ya kira ni kan gurɓataccen fili, tambayata ta farko ita ce: gubar ta ina take tafiya? Idan a ƙura take, kamar gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, katanga ba ta da aiki. A Dareta da Bagega kankare saman ƙasa aka yi, aka kai ta rami aka binne, aka zuba sabuwa. Amma in ruwan ƙasa take bi, irin dagwalon majema ko man da ya tsiyaye daga tsohon tanki, kuma kwashe ta ya fi ƙarfin aljihu, sai a tsare ta a inda take.

Fara da haƙa ramukan gwaji a kewayen filin. Abu biyu kake nema: inda ruwa ya dosa, da kuma zurfin da za ka tarar da yumɓu mai tauri ko dutsen da ruwa ba ya ratsawa. Gindin katangar dole ya shiga cikin wannan shimfiɗa da aƙalla santimita 60 zuwa mita 1. A nan 'yan kwangila suka fi yin ha'inci, domin ba mai gani. Katangar da ta tsaya a rairayi asarar kuɗi ce kawai, gubar ta ƙarƙashi za ta bi ta wuce.

Yumɓun da ake amfani da shi bentonait ne, wanda masu haƙa rijiyar burtsatse suka sani sarai. Nemi mai sinadarin sodiyam, shi ya fi kumbura a ruwa. Ana dama kimanin kilo 5 zuwa 6 a lita 100, a bar shi ya kwana ya yi kaurin kunu. Amma kafin ka sayi ko buhu ɗaya, ɗebi gurɓataccen ruwan wurin ka kai ɗakin gwaji a jiƙa yumɓun da shi. Gishiri mai yawa da wasu sinadaran narka mai suna hana shi kumbura, har ya tsage. In ya gaza, a zura leda mai kauri a tsakiyar katangar.

Ramin da ake haƙa wa katangar a kewayen filin siriri ne, faɗin santimita 60 zuwa 90. Injin na haƙa, ana cika shi da damammen yumɓun, kuma kada ka yarda ya sauka ƙasa da bakin ramin sosai, ko da dare. Nauyinsa ne ke riƙe gefen ramin. Ya sauka, gefe ya rufta.

Cikon da ake yi wa ramin shi ne ainihin katangar. A kwaɓa ƙasa mai laushi da yumɓun, a tsince duwatsu da guraguzai, sannan katafila ta riƙa tura kwaɓin daga ƙarshe guda yana gangarawa a hankali, yana korar ruwan yumɓun gaba. Kar a juye shi daga sama. Yin haka yana barin aljihun rairayi a tsakiya, kuma huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin duka.

Daga nan a rufe saman filin da daddanen yumɓu da leda, a yi masa tudu don ruwan damina ya gangare waje. A haƙa rijiyoyin awo bibbiyu, ɗaya cikin katangar ɗaya waje, a sa famfo ya riƙa zuƙe ruwan ciki har ya zauna ƙasa da na waje. Ta haka ko katangar ta yi yoyo, ruwa mai kyau ne zai shiga, ba guba ce za ta fita ba. Abin da aka zuƙo kuma sai an tace shi, ba a sake shi a kwata ba. Wannan ɗawainiya ba ta ƙarewa. A Love Canal ta jihar New York a Amurka, inda aka binne sharar sinadarai kusan tan 21,000 har aka kwashe mazauna a 1978, har yau ana zuƙe ruwan ana tacewa.

A ƙarshe a kafa alama, a rubuta a takardar filin, a sanar da mai unguwa cewa ba gini mai zurfin tushe, ba rijiya, ba dashen itace a kan layin katangar.