An ce "kai dai yi aikin, ma daidaita": yadda za ka nemi haƙƙinka a Abuja

Duk magini ko mai aikin famfo a Kubwa da Lugbe ya san wannan magana. Sai an gama, ruwa na zuba a famfo, mai gida ya ce ai ba a yi ciniki ba. To, rashin yanke farashi ba ya mayar da aiki kyauta. A dokar kwangila akwai ƙa'idar da lauyoyi ke kira quantum meruit, wato a biya mutum gwargwadon aikinsa. Fikihu ma yana da irinta, ujuratul misli: ladan da aka saba biya a kan irin aikin a garin.

Abin da alƙali zai duba shi ne: mai gidan ne ya sa ka, ya karɓi aikin, kuma aiki ne na sana'a da kowa ya san biya ake yi? Nan ake yawan faɗuwa. Wanda ya yi wa katangar maƙwabci fenti ba a sa shi ba, ko ya kama wa yayansa gini ranar Asabar, da wuya ya samu ko kwabo, don za a ɗauka taimako ne.

Fara da tattara hujja: saƙon WhatsApp da aka ce ka zo, hotunan wurin kafin aiki da bayansa, rasit ɗin kayan da ka sayo a kasuwar Dei-Dei, da yaran da suka yi aikin tare da kai. Kada ka goge komai a waya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi takardar tabbatarwa kan hujjar da aka ciro daga na'ura, sai ka nemi lauya ya tsara maka ita.

Sai farashi. Kada ka faɗi abin da fushi ya ba ka. Samu mutum biyu ko uku masu sana'arka su rubuta nawa suke karɓa, ka ware kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban.

Rubuta wa mai gidan takardar neman biya, ka ba shi kamar mako biyu, ka ajiye kwafi. In ya ƙi, gwada sulhu a Abuja Multi-Door Courthouse, wato cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja, kafin ka shigar da ƙara. Wa'adin irin wannan ƙara a Abuja shekara shida ne, amma shaidu ba sa jira haka.

Kada ka koma ka kwance kayan da ka ɗaura, sai laifi ya dawo kanka. Kai shi caji ofis ma ba mafita ba ne: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda rikicin kwangila kawai.