Kurakuran tsara dandamali da ke ɗauke hankalin 'yan kallo daga wasa

Aikin zane, fenti da haske a wasan kwaikwayo shi ne su kai idon ɗan kallo inda ake so ya duba. Yawancin kurakurai daga manta wannan suke tasowa.

Wanda aka fi yi shi ne a cika bangon baya da ƙananan zane-zane. Mutumin da ya zauna nesa da mita 20 da ƙyar yake gane yanayin fuskar ɗan wasa, balle siraran layuka. Na kusa kuma sai idonsa ya tafi yawo a bango ya bar mai magana. A yi manyan siffofi da launi biyu ko uku, kuma kada bangon ya fi tufafin 'yan wasa ɗaukar ido. Fari fat yana dawo da haske har fuskoki su dushe a gabansa, haka ma fenti mai sheƙi.

Wani kuskuren shi ne zaɓen yadi a cikin hasken rana. A ɗinka koriyar riga, ranar wasa jar fitila ta faɗa mata, ta koma baƙa-baƙa. Dalili kuwa, koren yadi koren haske yake dawowa da shi, jar fitila ba ta da shi. Kafin a yanka yadi, a kai ƙyallensa da guntun katako mai fenti ƙarƙashin ainihin fitilun da za a kunna.

Haske shi ne inda aka fi cutar ɗan wasa. Fitila ɗaya daga saman kai tana mayar da idanu ramuka masu duhu, wadda ta fito daga gaba kai tsaye kuma tana shafe tudu da kwarin fuska. Tsarin da Stanley McCandless, masanin hasken dandamali ɗan Amurka, ya wallafa a 1932 har yau yana da amfani: fitilu biyu daga gaba, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kowacce a karkace digiri 45 daga gefe da kuma daga sama, ɗaya mai ɗan ruwan ɗorawa ɗaya mai ɗan shuɗi. Idan ana haska hoto da majigi, kada waɗannan fitilu su taɓa allon, in ba haka ba hoton zai koɗe.

Masu tsara dandamali da yawa daga kujerar tsakiya suke duba tsarin su yanke hukunci, alhali ba kowa ne zai zauna a nan ba. A haɗa ƙaramin samfurin dandamalin da kwali a ma'aunin 1:25 (wato santimita ɗaya a madadin santimita 25), sannan a ranar gwaji a zauna a ƙarshen sahun gaba ta hagu da ta dama, da sahun baya. Duk ginshiƙin da ya tare wani muhimmin motsi a gusar da shi, komai kyansa.

Wajen canza kayan dandamali tsakanin fitowa da fitowa kuma, idan duhu ya daɗe sai a fara hira da duba waya, kuma dawo da hankalin mutane aiki ne. A sa wa manyan kaya tayoyi, a manna alama a ƙasa inda kowanne zai tsaya, a gwada canjin da agogo kamar yadda ake gwada wasan kansa.