Kurakuran da muke yi da ƙwaƙwalwar jariri, da abin da binciken birai ya nuna

A wani suna da na je a Gwammaja, jariri na tsala kuka, mai jego ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, sai goggonta ta ce, "Ke, ƙyale shi, kada ya saba da hannu." Ba mugunta ba ce, haka aka gada. Amma kuskure ne, kuma binciken birai ya tona shi.

A shekarun 1950, Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya raba jariran birai da iyayensu, ya haɗa musu uwar bogi guda biyu. Ɗaya ta waya ce mai kwalbar madara, ɗaya an naɗe ta da tsumma mai laushi, ba ta da ko ɗigo. Ɗan birin sai ya je ya tsotsa a gurguje, ya dawo ya wuni maƙale da ta tsumman. Waɗanda aka raina su kaɗai kuwa, sun girma suna ƙanƙame jikinsu suna rangaji, sun kasa shiga cikin 'yan'uwansu. Abin da ban tausayi, amma ya nuna ɗumin jiki abinci ne ga ƙwaƙwalwa. Ki ɗauke shi, ki goya shi, ki yi masa hira ko da kina tuƙa tuwo. Ana haihuwar yaro da kusan rubu'in ƙwaƙwalwar babba, kafin ya cika shekara 6 ta kai wajen kashi 90 cikin 100. Ginin nan a bayanki ake yin sa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na harara-garke. Sai a ce idon zai miƙe da kansa in yaro ya girma. Masu bincike David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa da jariran birai na wani lokaci. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ba ya gani sosai, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta miƙa wurinsa ga ɗayan. Da aka yi wa manya, ganinsu bai taɓu ba. Aikin nan ya ba su kyautar Nobel a 1981. Haka ake yi da yaro: ƙwaƙwalwa tana yin watsi da idon da ya karkace. Ɗan karkacewa jefi-jefi a watannin farko ba komai, amma in ya wuce wata 4 yana yi, ko kullum a karkace yake, a kai shi asibitin ido. Tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi sun fi aiki kafin shekara 7.

Sai kwalli. Kwallin dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini. Biran da aka ba dalma kaɗan tun suna ƙanana sun girma da wahalar koyo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da ba ya cutarwa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. A bar idon jariri haka, ba sai an rambaɗa masa komai ba.

Cutar shawara kuma, in idon jariri ya yi ɗorawa, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ɗura masa jiƙo. In ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko shanyewar jiki. A kai shi asibiti ranar, a auna jininsa, in da buƙata a sa shi ƙarƙashin fitilar da ake maganinta da ita.