Yadda Ake Shiga Gasar Waƙa ta Bikin Adabi

Bukukuwan adabi sun fara yawa a Arewa. An fara bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a Kaduna a 2017, sannan bikin littattafai da fasahar Hausa, HIBAF, ya biyo baya a 2021. Ga kuma ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa tun 1981, da rassanta na jihohi. A irin waɗannan wurare sha'iri mai tasowa ke samun masu sauraro, don haka ka riƙa leƙa shafukansu na Facebook, saboda sanarwar gasa ba ta daɗewa kafin a rufe.

Da ka ga sanarwa, kada ka ɗauki alƙalami tukuna. Karanta ƙa'idoji sau biyu, ka rubuta su a gefe: jigon da aka bayar, yawan baitoci, harshe, shekarun masu shiga, ranar rufewa, da ko ana karɓar waƙar da aka taɓa wallafawa. Wasu masu shirya gasa na ɗaukar abin da ka ɗora a Facebook a matsayin wallafawa. Na san wani matashi da ya kwashe mako uku yana gyaran waƙarsa, amma ya rubuta sunansa a ƙasan baitin ƙarshe, alhali an ce a turo suna a takarda daban don kada alƙalai su san mai ita. Ko karanta ta ba a yi ba. Abin ya yi mini ciwo, domin waƙar ta isa a saurare ta.

Sai zaɓen abin da za ka faɗa. Idan jigon zaman lafiya ne, kusan kowa zai ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kai ka nemo abin da idonka ya gani: manomin da ya bar gonarsa da gero ya kusa nuna, ko kasuwar ƙauye da ta daina ci.

Nan ne babban aikin, wato tsari. Tsayar da zubin baitinka tun farko, ko ƙwar biyu (baiti mai layi biyu), ko ƙwar huɗu, ko ƙwar biyar, kuma kada ka sauya a tsakiya. Zaɓi babban amsa-amo, wato sautin da kowane baiti zai ƙare da shi, mai yalwar kalmomi, irin "wa" ko "ya" ko "na", don kada ka kai baiti na goma ka fara cusa kalmar da ba ta da aiki sai cika gurbi. Alƙali na gane wannan nan take. Kari kuwa, wato ma'aunin sautin waƙa, ko karin Mutadarak ka hau ko na Kamil, kunne ne ke tabbatar da shi. Rera waƙar da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya, ka saurara washegari. Duk ɗango (layin baiti) da harshenka ya yi tuntuɓe a kansa, akwai gaɓar da ta yi yawa ko ta gaza. Gyara shi, kada ka ja murya don ka rufe karayar.

Bayan haka kai wa wani malamin Hausa ko sha'irin da ya girme ka, wanda ba zai ji nauyin gaya maka gaskiya ba.

Wajen bugawa, ka kula da ɓ, ɗ da ƙ. "Kari" daban, "ƙari" daban, haka "baki" da "baƙi". Madannin Gboard na da Hausa, sai ka saka shi a wayarka. Ka tura kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, ka kuma adana shaidar turawa.

Idan aka kira ka zagayen karatu a gaban jama'a, haddace waƙar, ka auna ta da agogo don kada ka wuce mintunan da aka ware. Je wurin da wuri ka gwada makirufo, ka riƙe kwafi ɗaya a aljihu ko da baiti zai kuɓuce maka.