Jema tana riƙe gaɓar rafi

'Yan uwa masu gona a bakin rafi, in ruwa na cin gaɓarku, ku dasa ciyawar jema da farkon damina.
Ku tsaga tushenta, ku jera kusa-kusa, tazarar tafin hannu. Ni da ita na tsare tawa gonar.

Saiwarta na nitsewa har mita 2 ko 3, ta damƙe ƙasa, ganyen kuma ya tare laka.

Shekarar farko ku kewaye da ƙaya. Amma don Allah ku zauna da makiyaya, ku bar wa shanu mashaya guda. In kun toshe ko'ina, shingen ba zai daɗe ba.

Inda ruwa ya ƙwaƙule gaɓa ta tsaya cak, jema ba ta kamawa sai an zaftare wurin ya yi gangara. Inuwa ma ba ta so.