Yadda ake barin Python ya karanta fayil a cikin PostgreSQL ba tare da an buɗe sabar duka ba

Da zarar PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ya hana sabon mai koyo rubuta umarni (function) da plpython3u, wato Python na cikin PostgreSQL, sai ka ga ya ruga teburin pg_language ya mayar da lanpltrusted, alamar cewa an aminta da yaren, zuwa true. Kada ka kuskura. Tun sigar 7.4 ta PostgreSQL aka cire Python daga yarukan da aka aminta da su, domin ba shi da shinge. Duk fayil ɗin da ya buɗe, da ikon asusun postgres na kwamfutar yake buɗe shi, har pg_hba.conf, fayil ɗin da ke tsara wanda zai iya shiga rumbun, da fayilolin bayanan kansu.

Ka fara duba ko akwai buƙatar taɓa faifai ma. In lissafi ne kawai, plperl ko pltcl, wato Perl da Tcl na cikin PostgreSQL, sun wadatar, kuma an toshe musu hanyar fayil. In CSV za ka loda, yi amfani da \copy na psql, manhajar aika wa PostgreSQL umarni, daga kwamfutarka yake ɗauka.

In ya zama dole, ware folda guda, misali /srv/shigo, ka ba postgres ikon karatu kaɗai a cikinta. Babban mai kula da rumbun ne zai rubuta umarnin, kuma sunan fayil kawai zai karɓa daga mai kira.

A wajen tantance sunan nan ake yawan faɗuwa. Wasu suna haɗa foldar da sunan da os.path.join su ɗauka sun gama, alhali in sunan ya fara da "/" ana watsar da foldar gaba ɗaya. Wasu suna neman ".." a cikin rubutun, su manta da mahaɗin (symlink) da aka dasa a foldar yana nuna wani wuri. Bayan haɗawa, miƙa sakamakon ga os.path.realpath, sannan ka gwada shi da foldar ta hanyar os.path.commonpath. Ni ban yarda da startswith ba, don /srv/shigo2 ma zai wuce. In bai dace ba, plpy.error, a tsaya nan.

Sai izini. Kowane sabon umarni, kowa na iya kiransa tun daga haihuwarsa. Yi REVOKE EXECUTE daga PUBLIC, wato kowa da kowa, ka yi GRANT ga rukuni ɗaya, duka a cikin BEGIN da COMMIT ɗin da ka ƙirƙire shi.

Akwai gajeriyar hanya tun sigar 11, wato saka asusu cikin rukunin pg_read_server_files, amma tana buɗe duk abin da postgres ke iya karantawa, ba folda ɗaya ba. A ƙarshe ka matse sabar kanta da ProtectSystem da ReadWritePaths na systemd, mai tafiyar da ayyuka a Linux, sannan ka gwada kiran umarnin da ../../etc/passwd daga ƙaramin asusu ka tabbatar ya ƙi.